Ginin da Teku Zai Cinye, Shi Ma Gini Ne

A gaɓar tekun birnin New York na Amurka, Calvin Seibert ya sha wuni yana gini da yashi. Aikinsa ya wuce tulin da yara ke kifawa da bokiti: akwai matakala da bangaye da kusurwoyi masu kaifi, irin na gine-ginen kankare na tsakiyar ƙarni na 20. Da teku ya tumbatsa, komai ya shafe. Masu suka na cewa wasan yara ne, wai abin da ba ya ɗorewa bai cancanci a kira shi fasaha ba. Wannan hukunci na ragon azanci ne.

Da farko, aikin na buƙatar ilimi. Busasshen yashi ba ya tsayuwa a miƙe. Da gangarensa ya haura kimanin digiri 34 sai ya zube. Ruwa kaɗan shi ke ɗaure ƙwaya da ƙwaya. In ya yi yawa bango ya narke, in rana ta shanye shi bango ya ruguje. Magini yana auna wannan da tafin hannunsa, yana tsere da rana da iska, yana sassaƙa daga sama zuwa ƙasa domin ɓarɓashi kada ya ɓata abin da ya gama. Shi ya sa a 2014 gwamnatin Indiya ta karrama Sudarsan Pattnaik, mai sassaƙa yashi a gaɓar Puri, da lambar yabo ta Padma Shri.

Batun ɗorewa kuwa, wa ya taɓa raina zanen lallen amarya don zai goge cikin makonni? Ana yaba hannun da ya zana ne.

Babbar barazana ga wannan fasaha ma daga masoyanta take. A 2021, a garin Blokhus na Denmak, an tayar da ginin yashi mai tsayin mita 21.16, wanda ya shiga kundin Guinness. Amma sai da aka cakuɗa yashin da yumɓu, aka shafe shi da gam don ya jure hunturu. Bajinta ce, babu musu, sai dai masu ita sun amince da hujjar masu suka, cewa daraja tana ga daɗewa.

Seibert bai amince ba. Ya san teku na tafe, amma bai fasa daidaita kusurwa ba. Ma'aikacin da ba ya kyautata aiki sai in za a rubuta sunansa a bango, yana da abin koyo a nan.