Raddi ga Mai Cewa Tarin Maki Shi Ne Nasara

Masu sha'awar ƙwallon kwando na Amurka suna da al'adar kafa gasa a kan takarda, inda kowa yake zaɓar 'yan wasa biyar daga zamanin da ya so, sa'an nan a zauna a yi muhawara a kan wace runduna za ta rinjayi wace da a ce sun haɗu a fili ɗaya. A irin wannan gasa ce wani ɗan'uwa mai ilimi ya jera Michael Jordan da Kobe Bryant da Allen Iverson da Carmelo Anthony da Wilt Chamberlain, ya yi da'awar cewa za su murƙushe rundunar John Stockton da Reggie Miller da Scottie Pippen da Tim Duncan da Hakeem Olajuwon. Ina girmama saninsa, amma hujjojinsa ba su kai inda ya nufa ba.

Hujjarsa ta farko lissafi ce: ya tara makin da kowane ɗaya daga mutanensa yake ci a wasa, ya ce jimlar ita ce abin da za su ci tare. Malam, a nan aka yi tuntuɓe tun daga tushe, domin ƙwallo ɗaya ce, wasa minti 48 ne, kuma tun shekarar 1954 doka ta wajabta wa kowace ƙungiya jefa ƙwallo kafin daƙiƙa 24 su cika, saboda haka duk jifan da Kobe ya yi, daga rabon Iverson aka cire shi. Wilt ya ci maki 50 da ɗoriya a kowane wasa a kakar 1961 zuwa 1962, har ya ci 100 a dare guda a garin Hershey, amma sai da ya riƙa jifa kusan sau 40 a wasa kafin ya kai haka, kuma kofin shekarar Boston ce ta ɗauka da Bill Russell. Wilt bai taɓa kofi ba sai a 1967, lokacin da ya rage cinsa zuwa kimanin maki 24, ya koma rarraba ƙwallo ga abokan wasansa.

Hujja ta biyu ita ce tawagar Amurka ta gasar Olamfik ta 1992 a Basalona, wadda ya ce taurari ne zalla, kuma sun cinye duniya da ratar maki fiye da 40 a wasa. Wannan gaskiya ne, sai dai kiyasi ne da bambanci. A cikin tawagar nan akwai Magic Johnson da Stockton da Pippen, mutanen da sana'arsu miƙa ƙwallo da tsaro, har shi Jordan ya sauko zuwa maki kusan 15, wanda ya fi kowa ci kuwa Charles Barkley ne. Me ya hana ɗan'uwanmu ambaton shekarar 2004? A Atina, tawagar da take da Iverson da Carmelo ta sha kashi a hannun Puerto Rico da maki 92 da 73, Ajantina ta fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe, ta koma gida da tagulla. In ya ce ai Duncan ma yana cikinta, sai in ce wannan ya ƙarfafa maganata, domin da abokan hamayya suka ga babu masu jefawa daga nesa, sai suka taru a kansa a ƙarƙashin kwando. A shekarar 2004 ɗin kuma Lakers, da Shaquille O'Neal da Kobe da Karl Malone da Gary Payton, suka faɗi a hannun Detroit da wasa 4 da 1.

Sai shubuhar da ta fi damuna, wato cewa tsaro ba abin lissafi ba ne. Olajuwon, haifaffen Legas, ya tare ƙwallo sau 3,830, babu wanda aka rubuta wa fiye da haka, ko da yake adalci ya sa in faɗi cewa ba a fara ƙirga wannan ba sai a 1973, bayan Wilt ya yi ritaya. A 1994 ya haɗa lambar gwarzon shekara da ta gwarzon mai tsaro da ta gwarzon wasannin ƙarshe, abin da babu wanda ya riga shi. Mutumin da zai kutsa wajen kwando ya tarar da shi tsaye da Duncan, Pippen kuma yana manne da shi ta baya da dogayen hannuwansa, dole ya canza shawara yana sama.

Akwai mas'ala guda da na yarda masa: Jordan da Kobe gwanaye ne a tsaro, kuma idan wasa ya zo daƙiƙun ƙarshe ana kunnen doki, ba na son ƙwallo ta kasance a hannun Jordan ina ɗaya ɓangaren. Amma wajibi ne a fara tsai da dokar da za a yi wasa a kanta, tunda layin maki uku bai shigo ba sai a 1979, kuma an halatta tsaron yanki a 2001. A bisa dokar yau, da Miller a bakin layi da Stockton mai miƙawa sau 15,806, ina ganin rundunar Olajuwon za ta ci wasa huɗu cikin bakwai. Idan Malam ya cire Iverson ya sa Magic Johnson a gurbinsa, to sai mu sake zama, domin a sa'an nan hukuncin zai yi mini wuya.