LAFIYA UWAR JIKI: Idan fata da gaɓoɓi suka kama ciwo tare

A kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa, haka ma cikin ofisoshin Yamai, kalma guda ce ke ɗauke da rabin cututtukan jama'a, watau "sanyi". Gwiwa ta kumbura, a ce sanyi ne. Yatsu sun ƙage da asuba har mutum ya kasa riƙe buta, sanyi ne. Idan kuma wasu tabbai suka fito a fuska ko a hannu, sai a ba su nasu suna dabam, a ce ƙyasbi ne ko makero ko borin jini, a nemo man shafawa. Ta haka ciwo guda yake rabuwa gida biyu tun kafin a kai ga lokotoro: na fata a kai wa mai man shafawa, na gaɓoɓi a kai wa wanzami ya yi ƙaho. Alhali kuwa akwai cututtuka da dama waɗanda ba a gane su sai an haɗa alamomin biyu wuri ɗaya.

Wadda ta fi wahalar da mata a cikinsu ita ce cutar da ake kira lufus. Ba ƙwayar cuta ce ke kawo ta daga waje ba, kuma ba a ɗaukarta daga wani. Garkuwar jiki ce, wadda aikinta yaƙi da cututtuka, take juyowa ta afka wa jikin da ya kamata ta tsare. Cikin masu ita 10, kimanin 9 mata ne, akasari daga shekara 15 zuwa 45, watau lokacin aure da haihuwa, kuma binciken da aka yi a Amurka da Ingila ya nuna ta fi yawa, ta fi kuma tsanani, ga mata baƙar fata. Littattafan makarantar likitanci, waɗanda aka rubuta da fatar Turawa a zuci, suna koyar da cewa alamarta ja ce mai siffar malam-buɗe-littafi bisa kumatu da karan hanci. A fatar Bahaushiya jan nan ba ya fitowa sarai. Abin da ake gani duhu ne da ya zarce na sauran fuska, ko wasu tabbai masu baƙin baki da farin tsakiya, a kunne ko a fatar kai, inda gashi ke zubewa ba ya komowa.

A ɗauki misalin mace ƴar kasuwa mai saro atamfa, wadda ke wuni cikin rana tsakanin tasha da rumfa. Rana na daga cikin abubuwan da ke tayar da wannan cuta. Takan fara da gajiyar da barci ba ya maganinta, sai zazzaɓi marar ƙarfi mai zuwa yana komawa. A yi mata maganin masassara sau biyu, sau uku, ko da awon jini bai nuna ƙwayar ba. Wuyan hannu da yatsu su kumbura mako guda su sace, gyambo ya fito a dasashi ko a ganɗa, kitso ya soma raguwa. Idan aka yi rashin sa'a ta yi ɓari sau biyu a jere, abin da kan faru ga wasu masu lufus saboda jininsu na saurin daskarewa, to magana ta bar hannun likita ke nan. Dangi za su ce sammu ne, idanu su koma kan kishiya, kuma an sha ganin aure ya mutu a kan ciwon da awon jini da na fitsari za su iya bayyanawa. Ba a hana kowa addu'a da rubutu ba. Abin da ke da haɗari shi ne watannin da ake ɓatawa, domin a cikinsu cutar na iya cin ƙoda a ɓoye, ba zafi ba ƙara, sai ranar da ƙafafu da fuska suka kumbura.

Abin mamaki shi ne, ginshiƙin maganinta ɗan uwan wani tsohon sananne ne. Duk wanda ya girma kafin a sauya maganin masassara ya san ɗacin Nivaquine. Ƙaninsa, wanda ake sayarwa da sunan Plaquenil, shi ne ake ba mai lufus kullum tsawon shekaru, yana rage tashin cutar, har mai ciki ma tana shansa bisa umarnin lokotoro, da sharaɗin a riƙa duba idanu lokaci-lokaci. A shekarar 2020, da aka yi ta yayata cewa yana maganin korona, masu lufus a ƙasashe da yawa sun neme shi a faramasi sun rasa. Cutar ba ta warkewa gaba ɗaya, amma wadda aka gano tata da wuri tana iya ci gaba da kasuwancinta, ta haihu, ta yi reno.

Akwai kuma cutar da mutane ke tsoron ko ambaton sunanta, kuma tsoron ne ke sa a makara: kuturta. Kowa ya san ta a ƙarshenta, lokacin da yatsu suka dungule. Kaɗan ne suka san farkonta, wanda bai wuce tabo guda mai haske a baya ko a damtse ba, ba ƙaiƙayi ba zafi. Gwajinsa na farko ba ya cin ko dala: a sa mutum ya rufe ido, a shafa auduga bisa tabon, a shafa gefensa. Idan yana jin na gefe ba ya jin na tsakiya, to a tafi asibiti. Ƙwayar, wadda likitan Norwe Hansen ya gano a 1873, tana iya kwanciya cikin jiki shekara 5, wani lokaci har 20, kafin ta nuna kanta. A wasu mutane kuma takan taso da zazzaɓi da kumburin gaɓoɓi da ƙulalai masu zafi ƙarƙashin fata, sai a yi ta maganin amosanin ƙashi, jijiyoyin hannu na mutuwa. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da haɗin magungunan da ke kashe ƙwayar, tun 1995 kuma ana ba da su kyauta: wata 6 ga mai ƙaramar cuta, wata 12 ga mai babba. Wanda ya fara sha ya daina yaɗa ta. Asibitin Danja da ke kudu da Maraɗi da cibiyar cututtukan fata da kuturta ta Yamai sun daɗe a wannan aiki, kuma har yanzu ana samun sababbin masu ita kowace shekara a Nijar.

Sauran sai a ambace su a gurguje. Cutar soriyazis tana sa fata ta yi kauri da ɓawo mai toka-toka a gwiwa da gwiwar hannu da fatar kai, farce ya rarake, wani lokaci yatsa guda ya kumbura tun daga tushe har ƙarshe. Tunjere a matakinsa na biyu yakan fito da tabbai a tafin hannu da tafin ƙafa tare da ciwon gaɓoɓi, kuma allurar fenisilin na kashe shi. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 da ya yi ciwon maƙogwaro, bayan mako biyu ko uku ciwo ya riƙa tsalle daga gwiwa zuwa idon sawu, wannan zuciyarsa ce ke cikin haɗari, kuma cire masa beli wurin wanzami bai taɓa ƙwayar da ta haddasa abin ba. Mai sikila kuwa, ciwon ƙashi da gyambon ƙafa marar warkewa tsofaffin abokan zamansa ne.

Babban abin da ke rikita wa lokotoro lissafi shi ne maganin bakin hanya. Bayan karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, lokacin da kuɗin maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi, masu tallar magani a faranti da kwali suka cika tasha da kasuwa, kuma ba su koma ba. A cikin kayansu akwai ƙananan ƙwayoyin kortizon, irin su dekizametazon, waɗanda ke kashe zafin gaɓa cikin kwana ɗaya su kuma share tabon fata. Mai ciwo ya yi murna, ya ƙara saye, ya faɗa wa maƙwabci. Bayan watanni fuska ta yi faɗi kamar faifai, fatar ciki ta tsattsage, ciwon suga da hawan jini su shigo, ƙashi ya yi rauni, cutar asali kuma tana nan ƙarƙashi, an dai rufe mata baki. Lokotoro ma yana ba da kortizon, amma da awo da ranar ragewa. Wanda ya riga ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, don jikinsa ya daina yin nasa, yankewar na iya kai shi ga suma ko abin da ya fi haka. Man bilicin ma haka yake: da yawansu kortizon ne a ciki, suna sauya kamannin tabo har ƙwararre ya kasa gane shi.

Ba dukan laifin ne na majinyaci ba. Ƙwararrun likitocin fata da na gaɓoɓi kaɗan ne, kuma akasarinsu a Yamai suke. Malamin jinyar da ke ganin mutane tun safe har azahar a ƙaramin gidan likita, rabinsu masu masassara, ba shi da lokacin tambayar mace ko gashinta na zuba. Awon da ke neman sinadaran garkuwa masu afka wa jiki ba a kowane laboratuwar ake yinsa ba, yana da tsada, kuma shi kaɗai ba ya yanke hukunci, tunda yakan fito ga wasu masu ƙoshin lafiya. Ma'aikacin gwamnati da aka yi wa canjin wurin aiki daga Tasawa zuwa Ƙonni yakan sake labarinsa daga farko gaban sabon likita, ɗan kasuwa kuma ya ga ɗaya a Kano, ɗaya a Maraɗi, ɗaya a Kwatano, ba wanda ya san abin da na baya ya rubuta.

A nan ne mai ciwo yake da abin yi da hannunsa. Karne guda ya kamata ya riƙe, ya haɗa dukan takardun awo a ciki, tsoho da sabo. Tabon fata yana da halin ɓacewa ranar ganin likita, saboda haka a ɗauki hotonsa da salula cikin hasken rana, a rubuta kwanan wata. A lura ko ƙagewar gaɓoɓi da safe take, da tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta saki: wadda ta wuce rabin awa ta fi kama da kumburin ciki, wadda ke zuwa bayan wunin aiki ta fi kama da gajiyar ƙashi. A zuba dukan magungunan da ake sha da mayukan shafawa cikin leda a kai, har da na gargajiya, ba tare da jin kunya ba. Wanda ya je don gwiwa ya nuna tabon bayansa ko ba a tambaye shi ba, mace kuma ta faɗi ɓarin da ta yi. Idan ciwon gaɓoɓi da tabon fata sun haura mako 6 tare, a roƙi awon jini na gama-gari da awon fitsari mai nuna ko furotin na zuba, wanda ake yi da ɗan tsinken takarda a yawancin asibitocin gunduma, sannan a nemi takardar turawa zuwa babban asibitin jiha. Kumburin ƙafafu, fitsari mai kumfa, ƙuncin numfashi ko mutuwar yatsa kuwa ba sa jiran mako 6, ranar da aka gan su ranar ake tafiya.