Waiwaye: Kafin a Kwance Injekta

Tsofaffin direbobi sun san zamanin da makulli ba ya kashe injin gas. Wata waya ce a kusa da sitiyari, ka ja ta, ta datse mai a famfon injekta, inji ya yi tsit. Injin gas ba shi da fulogi mai tartsatsi irin na fetur, zafin matsin iska ne ke kunna man, don haka muddin mai na zuwa, ba zai tsaya ba. Wanda ya saba jan wayar nan da hannunsa ya san haka ba sai an gaya masa ba.

Daga tsakiyar shekarun 1970, famfon Bosch VE ya fara bazuwa, irinsa na Denso kuma ya zo mana a cikin Hilux da Hiace. Aikin wayar sai ya koma ga wani ɗan ƙarfe mai kaurin babban yatsa, ɗaure a kan famfon, wato solonoyid. Ka murɗa makulli, wutar batir mai bolt 12 ta shige shi, ya zama maganaɗisu, ya ɗaga wani ɗan turke mai bakin roba, mai ya wuce. Ka kashe, sifirin ya mayar da turken ya toshe hanya. Mun sami sauƙi, amma yaran gareji da yawa sun taso ba su san ƙofar man tana wurin ba.

Abin da ke damuna ke nan. Mota ta ƙi tashi, kik na juyawa lafiya lau, salansa ba ko ɗigon hayaƙi, sai ka ji an ce, "Alhaji, injekta ce." A kwance famfo, a kai wa mai gwaji, a dawo a sha wahalar saita tayimin. Mai motar haya ya kwana biyu ba ya kan hanya, iyali na jiran cefane, alhali ƙila fiyus ne ya ƙone, ko waya ce ta saki a bakin solonoyid.

Gwajin kuwa ba ya cin ko kwabo. Wani ya murɗa makulli, kai ka kara kunne ko ka ɗora yatsa a kan solonoyid ɗin. Lafiyayye zai ce "ƙas". In bai ce ba, sa ƙwan gwaji a bakin wayar. Ƙwan bai kama ba, laifin yana baya: fiyus, waya, ko makullin kansa. Ya kama amma shiru, jawo wuta kai tsaye daga batir ka taɓa masa. In har yanzu bai motsa ba, ya mutu. A lura da batir ma, domin mai rauni kan ɗaga turken, amma da kik ya ja wuta sai ya sake shi.

Akwai kuma kishiyar wannan: an zare makulli, inji na ci gaba da ruri. Nan yawanci robar ce ta cinye, ko datti ya hana turken zama. Gurɓataccen mai na da hannu a ciki sosai.

Wasu makanikai kan zare turken da sifirin, su mayar da kwankon, mota ta tashi. A matsayin gwaji, ko don a fita daga daji, ban ga laifinsa ba. Barin ta haka ne ganganci, domin makulli ba zai ƙara kashe ta ba, sai an sa giya an taka birki an shaƙe ta. In kuma aka ciro turken aka ga bakin robar ya gutsure, a nemo guntun a cikin ramin kafin a ɗaura sabo.