Shawara da Zazzaɓi a Jikin Yaro: A Auna Jini Kafin a Nemi Jiƙo

Idan uwa ta ɗaga fatar idon ɗanta da hantsi ta tarar farin ya rine ya koma ruwan ɗorawa, ga jiki zafi rau, ga fitsari ya yi ja kamar shayi, abin da aka saba a gidajenmu shi ne a aika kasuwa a sayo saiwar rawaya a jiƙa, alhali kuwa abin da ta gani alama ce da cututtuka masu yawa suka yi tarayya a cikinta, kowace da nata sababi, kowace da nata magani.

Galibi a ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro ne ke farfasa jajayen ƙwayoyin jini har ido ya rine, balle ga yaro mai sikila. Wani lokaci kuma taifot ne, ko ciwon hanta da gurɓataccen ruwa ke kawowa, ko zazzaɓin shawara da ya sake ɓulla a Jihar Kwara a 2017, wanda allura guda a wata tara da haihuwa take kare yaro daga sharrinsa.

Amma akwai wata cuta da nake son iyaye da ma'aikatan asibiti su riƙe a zuci, ita ce kumburin jijiyoyin jini wanda likita Tomisaku Kawasaki na Japan ya bayyana a 1967, cutar da galibi ke kama yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Alamominta su ne zazzaɓi ya zarce kwana biyar bai ji magani ba, idanu su kaɗa babu kwantsa, leɓɓa su tsattsage, harshe ya yi jawur, hannuwa da ƙafafu su kumbura. A wasu yaran hanta da matsarmama su taɓu har shawara ta bayyana, sai a ɗauka ciwon hanta ne. Illarta kuwa a zuciya take, domin idan ba a yi magani ba, kusan yaro ɗaya cikin huɗu jijiyoyin zuciyarsa kan buɗe su raunana, alhali ƙarin ruwan garkuwar jiki cikin kwana goma na farko yana rage wannan haɗari ƙwarai.

Saboda haka nake ganin wajibi ne a kai yaro a auna jininsa tun ranar da ido ya sauya, kuma a daina ɗura masa jiƙo da farasitamol ba bisa ƙa'ida ba, tunda hantar da za ta tace su ita ce ke cikin wahala. Wanda aka ba maganin sauro zazzaɓinsa bai sauka ba, haƙƙinsa ne a tura shi babban asibiti wurin likitan yara.