Lebura Ya Faɗo, Wa Zai Biya Kuɗin Ɗori?

Jama'ar Maradi, Madarunfa, Ƙonni, Matamaye da Magariya, ku dubi benayen da ke tashi a biranenmu. Ƴaƴanku ne a samansu. Da an gama girbi sai matasa su nufi wuraren gini a Yamai, Maradi da Damagaram. Suna hawa bene na uku da kwanon kankare a ka, bisa katakan da aka haɗa da ƙusa da waya, ba hular kwano, ba igiya a ƙugu, ƙafa cikin silifa.

Ranar da katako ya karye, ɗan kwangila zai miƙa ƴan jikkuna, ya ce ƙaddara ce. A kai yaro wajen mai ɗori, uba ya sai da hatsi, uwa ta sai da akuya. Wanda ƙashin bayansa ya taɓu, shi da noma har abada. Mun yarda da ƙaddara, amma ruɓaɓɓen katako sakaci ne, kuma sakaci yana da mai shi.

Doka tana nan. Dokar aiki ta 2012 ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare lafiyar ma'aikatansa. Asusun CNSS na biyan magani da diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, kuma mai ba da aiki ne ke zuba kuɗin wannan fanni, ba lebura ba. To leburori nawa kuka sani da aka rubuta sunansu a asusun? Sau nawa kuka ga mai binciken aiki ya hau bene ya duba katako?

Gomnati ta yi bikin Maradi Kwalliya a 2015, ta yi Zinder Sabuwa a 2018. An yanke ƙyalle, an tafa wa manya. Wa ya tuna da mai ɗaukar bulo?

Ga alkawarinmu: ba ɗan kwangilar da zai samu aikin gomnati sai ya rubuta kowane lebura a asusun, har mai aikin yini. Hular kwano da igiya wajibi ne, daga aljihun mai kwangila. Ginin da aka kama ba su, a tsai da aikinsa ran nan.

Ranar zaɓe, ku tuna da maƙwabcinku da ke tafiya da sanda. Ku ba mu ƙuri'arku.