Kaburbura Biyu, Baffa da Ɗan Wansa

A wannan makon Koriya na nufa da ku, kuma mugun cikin labari ne ya kai ni. Na gaji da karanta mugun da ba ya da komai sai muguntar.

Daular Joseon ta yi mulki daga 1392 zuwa 1910. Kaburbura 40 na sarakunanta da matansu UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2009. Tsarinsu kusan ɗaya ne: tudu a baya, ruwa a gaba, jar ƙofa ta katako, sai hanyar dutse mai layi biyu. Layin da ya fi tsayi na ruhin mamaci ne, sarki mai rai kuwa na ƙasa yake bi. Can sama tulin ƙasa ne mai ciyawa, gumakan tumaki da damisa na gadinsa.

Sarki Sejo, wanda ya mutu a 1468, ya bar wasiyya kada a gina masa ɗakin dutse a cikin kabari, don aikin yana cin talakawa da dukiya. Aka yi amfani da farar ƙasa, sarakunan baya suka bi sahu. Wanda ya ji wannan kaɗai sai ya ce adali ne.

To, shi dai wannan Sejo ne ya ƙwace sarauta daga ɗan wansa Danjong a 1455, ya kora shi Yeongwol, inda yaron ya mutu a 1457 yana ɗan shekara 16. An ce wani ma'aikacin garin ne ya binne gawar a ɓoye. Sai a 1698 aka mayar masa da martabar sarki. Shi ya sa kabarinsa ke can nesa cikin duwatsu, alhali yawancin sauran suna kewaye da Seoul.

Da a hannun yawancinmu Sejo ya faɗo, da mun goge wasiyyar nan don kada mai karatu ya tausaya masa. Ni ma na taɓa yi, wani mugun kawu na rubuta, ko sallama ban bari ya amsa ba. A ganina wasiyyar ce ma take sa kisan ya fi ciwo, don mutumin da ya san nauyin dutse a kafaɗar lebura ya san abin da yake yi wa ɗan wansa.