Wa Zai Riƙe Ma'auni?

'Yan'uwa manoma, a 1943 gwamnatin Amurka ta kafa masana'antar sinadarin bam na nukiliya a Hanford, kusa da Kogin Kolumbiya, wanda manoma ke ban ruwa da shi. An daina aikin, amma dagwalo mai guba, galan miliyan 56, yana kwance cikin tankuna 177 a ƙarƙashin ƙasa. Waɗansu tankunan sun yi yoyo.

A 2019 Ma'aikatar Makamashi, mai kula da wurin, ta ce za ta rarraba irin wannan shara bisa ƙarfin gubarta. Watau wadda ta ce ba ta da ƙarfi, ba sai an binne ta da zurfi ba, kuɗi kuwa ya ragu.

Auna guba ba laifi ba ne. Amma mai biyan kuɗin binnewa bai kamata ya riƙe ma'auni shi kaɗai ba. Gama sai a 1986 manoman wurin suka sani gubar masana'antar ta shiga madarar shanunsu shekaru da yawa. A ƙungiyoyinmu ma, ma'aji ba ya binciken littafin kansa.